Bashinka Ya Maƙale a Sharaɗa, Challawa ko Bompai? Jagorar Neman Lauyan da Zai Karɓo Maka Haƙƙinka

Na yi shekaru ina riƙe da littafin bashi a wata masana'antar roba da ke Sharaɗa. Aikina in san wane dila ya yi lodin bokitai da kujeru na nawa, ranar da ya ce zai biya, da abin da ya saura a kansa. Bayan na bar nan sai na koma taimaka wa masu kai wa kamfanoni kaya wajen tsara lissafinsu: masu kai fata majemun Challawa, masu kai waken suya da gyaɗa kamfanonin mai, masu man gas, masu tirela. Don haka na ga bashi ta fuska biyu. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma a Sharaɗa da Challawa da Bompai maganar a fili take: kamfani yana bin dilolin Singa da Ƙofar Wambai da Kantin Kwari, masu kawo ɗanyen kaya suna bin kamfani, banki kuma yana bin kowa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne kuskure iri ɗaya da nake ta gani. Mutum zai yi shekara biyu yana jin nauyin tambayar kuɗinsa, saboda shi da wanda yake bi sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci. Ranar da haƙurinsa ya ƙare sai ya zarce ofishin 'yan sanda. In can ba ta yi ba, sai ya ɗauki lauyan da ya fara cin karo da shi, ko wanda ya taɓa rubuta wa wansa takardar fili.

Ba na manta wani dattijo mai kai fata da ya zo mini da baƙar leda ƙunshe da takardu. Ya zazzage su a kan tebur: guntayen shafukan littafin makaranta, wasu gishirin fata ya cinye rubutunsu, da takardar hukuncin kotu guda ɗaya naɗe cikin ƙyalle. Ya ce mini, "Ɗana, alƙali ya ba ni gaskiya tun bara, amma ko sisi ban gani ba." Da muka duba, sunan da aka kai ƙara shi ne wanda ke rubuce a allon bakin get. Kamfanin kuwa da wani suna ya yi rajista, da shi kuma ya buɗe asusun banki.

Tun ranar na riƙe abu ɗaya, kuma a kansa na gina wannan jagora: lauyan bashi na ƙwarai daga ƙarshen hanya yake fara lissafi. Kafin ya rubuta ko layi ɗaya, sai ya san aljihun da kuɗin za su fito. Irinsa za ka nema.

Abin da za ka tanada kafin ka taka ofishin lauya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana, kuma kotun boko ma abin da take nema ke nan. Ka haɗa waɗannan a fayil ɗaya:

- Takardar oda ko yarjejeniyar ciniki. Ita ke nuna farashi da ranar biya. Ka karanta ta har ƙarshe, domin wasu kamfanoni suna sa sharaɗin cewa in saɓani ya taso, gaban masu sasanci za a je maimakon kotu.
- Webil da tikitin sikeli, masu ɗauke da sa hannu da hatimin ɗan sito. Su ne shaidar kayanka sun shiga get. Mai fata ya haɗa da takardar da aka rubuta masa adadi da daraja bayan an tantance, domin a nan gardama take tashi: kai ka ce lamba ɗaya ka kai, su ce rabi ba ta yi ba.
- Inbois da rasit, da bayanan asusunka da banki ya buga ya sa wa hatimi. Kada ka dogara da alat na waya kaɗai.
- Saƙonnin WhatsApp, na rubutu da na murya. Kada ka goge, kada ka sayar da wayar. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda a karɓi abin da ya fito daga waya ko kwamfuta, amma da sharuɗɗa, ciki har da takardar da ke bayyana na'urar da yadda aka ciro saƙon.
- Cakin da banki ya dawo da shi, na asali, da dalilin da aka rubuta a jikinsa.
- Sunayen shaidu: direban da ya kai kaya, dillalin da ya haɗa ku, yaron da ya ƙirga.
- Shafi ɗaya na lissafi: ranar kowane lodi, kuɗinsa, abin da aka biya, abin da ya rage.

Kwafi za ka ba lauya. Na asali su zauna a wurinka har ranar da kotu ta buƙace su.

Mataki na 1: Ka san ainihin wanda kake bi

A bakin mutane kamfani sunan mai shi yake amsawa: kamfanin Alhaji wane, kamfanin Kwara, kamfanin 'yan Indiya. A doka kuwa, kamfanin da sunansa ya ƙare da Limited mutum ne mai zaman kansa, dabam da masu shi. In shi ya ci bashin, shi za ka kai ƙara, kuma kadararsa kaɗai za a kama. Gidan darakta da motarsa ba sa cikin lissafi, sai in ya sa hannu a takarda cewa ya tsaya wa bashin da kansa. Wanda ya yi rajistar sunan kasuwanci kawai, kamar diloli da yawa, shi da shagonsa abu ɗaya ne, bashin shago bashinsa ne.

Ka duba sunan a shafin intanet na hukumar rajistar kamfanoni, CAC, harafi da harafi. Ka kwatanta shi da abin da ke kan inbois da sunan asusun da aka taɓa turo maka kuɗi daga cikinsa. Akan sami kamfani biyu ko uku na iyali ɗaya a haraba ɗaya: wani ke da fili, wani ke da injuna, na ukun shi ke karɓar kaya bashi kuma bai mallaki komai ba. In ka je wa lauya da wannan bayani a hannu, ka rage masa rabin aiki.

Mataki na 2: Kada ka bari lokaci ya cinye kuɗin

Jinkiri yana cutar mai bin bashi ta hanya uku. Ta farko, darajar naira. A watan Mayun 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Wanda ya ba da kayan miliyan 10 kafin wannan, ko an biya shi cif bayan shekara, kuɗin ba za su sake sayo masa kayan da ya bayar ba. Mu da yawa ba ma karɓar kuɗin ruwa saboda addini, don haka babu abin da zai cike mana giɓin sai hanzari.

Ta biyu, wa'adin doka. Dokar boko ta yanka lokacin da in ya wuce kotu ba za ta saurari ƙarar bashi ba, komai gaskiyar mai ita. A Legas da Abuja shekara 6 ne kan bashin ciniki, a wasu jihohin shekara 5. Ka sa lauya ya gaya maka tun zaman farko wane wa'adi ne ya hau kan naka, kuma daga wace rana ake ƙirgawa. In wanda kake bi ya amsa bashin a rubuce ya sa hannu, ko ya biya wani abu daga ciki kafin wa'adin ya cika, ƙirga tana sabuntuwa. Saboda haka duk ranar da ya ce maka, "Alhaji, a ƙara haƙuri, kasuwa ce ta tsaya," ka yi haƙurin, amma ka ce a rubuta adadin da ya rage a sa hannu.

Ta uku, kadara tana tafiya. Duk wanda ya san Bompai da Sharaɗa ya san masana'antun da suka rufe saboda wutar lantarki da kayan waje, wasu sun koma sito, wasu an kwance injunansu an sayar. Mai bin bashin da ya makara bango yake tararwa.

Mataki na 3: Ka guji hanyar da ke mayar da mai gaskiya mai laifi

'Yan sanda ba masu karɓar bashi ba ne. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana a kama mutum saboda saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, kuma dokar ta hana a kama ɗa ko mata ko yaron shago a madadin wanda ake nema. A 2018, a shari'ar bankin Diamond da Opara, Kotun Ƙoli ta bayyana cewa hukumar EFCC ma ba wurin karɓar bashi ba ce. In ka sa aka tsare mutum a kan kuɗin ciniki, yana iya kai ƙarar tauye masa haƙƙi, kotu ta ci ka diyya. Na ga wanda ya shiga yana bin kuɗi, ya fito ana bin sa.

Haka rufe wa mutum shago da kwaɗonka, ko tare motarsa a hanya, ko tura masa matasa, ko sa hotonsa a Facebook kana kiransa ɓarawo. Kowanne yana iya jawo maka tuhuma, kuma yana ba shi abin fakewa.

Inda laifi ya shigo da gaske shi ne zamba, da kuma cakin da ba kuɗi a bayansa. Dokar 1977 kan irin wannan caki ta tanadi ɗaurin shekara 2 ba tare da zaɓin tara ba, in an kai cakin banki cikin wata 3 daga ranar da ke jikinsa. Ko a nan ma lauya ne zai duba ya rubuta ƙorafin. Duk lauyan da shawararsa ta farko ita ce "mu sa a ɗauko shi" alhali magana ta ciniki ce, ka san ba naka ba ne.

Mataki na 4: Ka samo sunaye uku daga inda ya dace

Aikin lauya fanni-fanni ne kamar na likita. Gwanin shari'ar zaɓe ko ta gado ba lallai ya saba da ɓangaren zartar da hukunci ba. Ka tambayi waɗanda aka taɓa karɓo wa kuɗi: 'yan'uwanka masu kai kaya, shugabannin ƙungiyar kasuwarku, mambobin ƙungiyar masu masana'antu ta MAN, da na cibiyar ciniki ta KACCIMA da ke filin baje koli a titin Gidan Zoo. Tambayar da za ka yi musu ɗaya ce: bayan an ci shari'ar, kuɗin sun shigo? Ofishin reshen ƙungiyar lauyoyi ta NBA a Kano ma wuri ne na tambaya.

In kana da hali, ka ware safiya ɗaya ka zauna a Babbar Kotun Jiha da ke Sakatariyar Audu Baƙo ko wadda ke titin Miller a Bompai. Zaman kotu a buɗe yake ga kowa. Za ka ga wanda ya zo da fayil a shirye, da wanda kullum roƙon a ɗage zama yake yi. Amma ka kiyayi masu tare mutane a bakin kotu suna cewa sun san lauya, sun san alƙali. Ƙa'idojin aikin lauya sun hana farautar masu ƙara ta hannun 'yan kamasho.

Ka fifita lauyan da ke zaune a Kano in wanda kake bi a Kano yake. Ya san rajistara, ya san ma'aikatan da ke kai sammaci, kuma ba za ka riƙa biyan kuɗin jirgi da masauki duk ranar zama ba. In dilan yana wata jiha, kai masa sammaci yana da ƙa'ida ta musamman, har da ba shi aƙalla kwana 30 ya amsa. In kuwa yana Maraɗi ko Damagaram ko Njamena, kamar dilolin da kuɗi suka maƙale a hannunsu lokacin da aka rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, to Nijar da Cadi da Kamaru dokar kasuwanci ta OHADA suke bi, wadda ke da hanyarta ta gaggawa ta umartar mutum ya biya. Lauyan can ne zai tsaya maka, na Kano ya tsara takardu ya haɗa ku.

Mataki na 5: Ka tabbatar lauya ne na gaske, kuma ba na abokin shari'arka ba

Baƙar kwat ba shaida ba ce. Lauya shi ne wanda aka rantsar, sunansa kuma yana cikin kundin Kotun Ƙoli da lambarsa. Kowane mai aiki yana da hatimin NBA mai ɗauke da sunansa da lambar, ana sabunta shi duk shekara, yana manna shi a takardun da ya shirya. Ka nemi ka gani. Na gaske ba ya jin haushin wannan. Ka kuma lura cewa sunan lauyan kansa ne a ƙasan takardar ƙara. A 2007, a shari'ar Okafor da Nweke, Kotun Ƙoli ta yi watsi da takardun da aka sa wa hannu da sunan ofishin lauyoyi maimakon sunan lauya, kuma wannan kuskure ya rushe shari'u da dama bayan an yi shekaru ana yi.

Sannan ka tambaye shi kai tsaye: "Barista, kana yi wa kamfanin nan aiki, ko bankinsa, ko wani daga cikin daraktocinsa?" Lauyoyin da suka san harkar masana'antu sau da yawa suna da kamfanonin da ke riƙe da su. Ka yi wannan tambaya kafin ka buɗe fayil ɗinka. In lauya ya ci amana, akwai kwamitin ladabtar da lauyoyi, LPDC, mai ikon dakatar da shi ko cire sunansa daga kundi.

Mataki na 6: A zaman farko, ka saurari tambayoyinsa

Nan ne za ka gane shi. Wanda ya ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka, wata biyu kuɗinka na hannunka," tun bai buɗe fayil ba, ka yi masa godiya ka tashi. Wanda kake nema zai jera takardun bisa kwanan wata, ya nuna maka inda hujjarka ke da rauni, sannan ya fara tambaya: "Ranka ya daɗe, a wane banki yake ajiya? Injunan nasa ne ko haya? Wa yake sayar wa kaya? Wa kuma ke bin sa ban da kai?"

Dalilin waɗannan tambayoyi shi ne masu bin bashi layi suke bi. Masana'antu da yawa sun jinginar wa banki fili da injuna da kayan sito. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ce a yi rajistar irin wannan jingina a CAC cikin kwana 90, saboda haka bincike zai nuna ta. Akwai kuma rajistar jinginar kayan da ake iya ɗauka, wadda ke ƙarƙashin Babban Bankin Najeriya bisa dokar 2017. In kamfani ya durƙushe, mai jingina ne a gaba, sai haƙƙin ma'aikata da haraji, sannan mai kai fata da mai kai gas su raba abin da ya saura. In banki ya riga ya naɗa mai riƙon kamfanin, ko hukumar AMCON da aka kafa a 2010 ta karɓi bashinsa, dabarar ta canza gaba ɗaya. Lauyan kirki zai yi wannan bincike kafin ka kashe kuɗi, kuma in ya ga babu abin kamawa zai gaya maka gaskiya, ko da hakan ya hana shi aiki.

Kai ma ka tambaye shi: shari'ar bashi nawa ya kai har zuwa karɓar kuɗi? Shi zai riƙa zuwa kotu ko ƙaramin lauyan ofishinsa? Wace kariya yake ganin ɗaya ɓangaren zai kawo? Yaya zai riƙa sanar da kai bayan kowane zama?

Mataki na 7: Ku rubuta maganar kuɗin aiki

Kai da ka zo saboda bashin da ba a rubuta da kyau ba, kada ka sake ƙulla wata magana da baki. Kuɗi iri uku ne, a rarrabe su: kuɗin kotu, wanda ke da rasit na gwamnati, kuɗin zirga-zirga da kai sammaci, da ladan lauya. Ladan yana iya zama tsayayye, ko a biya mataki-mataki, ko kaso daga abin da aka karɓo, kuma ƙa'ida ta yarda da wannan na ƙarshe a shari'ar kuɗi. Tun 2023 akwai umarnin da ya ƙayyade mafi ƙarancin ladan lauyoyi, don haka wanda ya yi maka araha fiye da kima ka tuna araha ba ta ado.

A ce kana bin miliyan 8, kun yi da lauya kashi 10 cikin 100. In an sasanta a kan miliyan 5, kason a kan 5 ne ko a kan 8? In an biya kashi-kashi fa? In wanda ake bi ya biya ka kai tsaye bayan wasiƙar farko? Ladan ya haɗa da zartar da hukunci da ɗaukaka ƙara, ko sabon ciniki ne? Duk a rubuta. A kuma rubuta cewa ba zai yafe ko kwabo ba sai da izininka, kuma kuɗin da aka karɓo asusunka za su shiga. In dole sai sun bi ta hannunsa, doka ta wajabta masa ajiye kuɗin jama'a a asusu dabam da nasa.

Mataki na 8: Wasiƙar neman biya, sannan sulhu

Aiki yana farawa da wasiƙar lauya mai bayyana adadi, da asalin bashin, da kwanakin da aka bayar. A kai ta ofishin da kamfani ya yi rajista da shi, a karɓo kwafi mai hatimi. Basussuka da yawa a nan suke fita, domin wanda ke ja maka rai ya ga ka daina wasa. Amsar da zai rubuto ma, ko ta neman ƙarin lokaci ce, hujja ce a hannunka.

Kada ka raina sulhu. Dattawan kasuwa suna yi, Hisba da hedkwatarta ke nan Sharaɗa tana yi, kuma ɓangaren shari'a na Kano yana da gidan sulhu na kansa a ƙarƙashin Babbar Kotu. Sulhu yana barin ƙofar ciniki a buɗe. Sai dai a rubuta shi: nawa za a biya, a waɗanne ranaku, wa ya tsaya masa, kuma in an tsallake biya ɗaya sauran duk sun wajaba nan take. Abin da ya fi ƙarfi shi ne lauya ya sa kotu ta amince da yarjejeniyar ta zama hukunci, yadda in an saɓa, zartarwa kawai za a yi.

Mataki na 9: Zaɓen kotu

Ƙarar da aka shigar a kotun da ba ta da hurumi, komai nisan da ta yi, rushewa take. Ka nemi lauya ya bayyana maka dalilin zaɓinsa.

Kotun ƙananan basussuka, wadda aka buɗe a Kano a 2019 a cikin kotunan majistare, an fara ta da iyakar naira miliyan 5, kuma an tsara a gama shari'a cikin kwana 60. Mutum yana iya tsaya wa kansa a can, amma sai ya fara aika takardar neman biya. Ka tambayi rajistara iyakar da ake aiki da ita a ranar da za ka shigar.

Babbar Kotun Jiha ita ce gidan manyan basussukan ciniki. In adadin a bayyane yake kuma takardu sun cika, akwai hanyar gaggawa: ka rantse a rubuce cewa wanda kake bi ba shi da kariya, in ya kasa nuna wata ta gaske a yanke hukunci ba tare da kiran shaidu ba. A nan webil mai hatimi yake nuna amfaninsa. In akwai alamar ana kwashe kaya ana ɓoyewa, lauya yana iya neman umarnin hana taɓa kadarar kafin a gama.

Kotun shari'ar Musulunci tana sauraron bashi tsakanin Musulmi, da Hausa ake magana, mai da'awa ya kawo shaidu, in ya rasa rantsuwa ta koma kan wanda ya musa. Ba ta hukunta kuɗin ruwa. Amma in kamfani kake bi, ka sa ran gardama kan hurumi.

Babbar Kotun Tarayya da ke Gyaɗi-Gyaɗi ba ta sauraron bashin ciniki zalla. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 2005 a shari'ar Onuorah da matatar man Kaduna. Can ake zuwa in ana neman a rushe kamfanin da ya kasa biya bayan an kai masa takarda an jira mako 3. Makami ne mai nauyi, kotu ba ta yarda da shi in ana gardamar gaske kan bashin, kuma in an rushe layin nan na masu bi za ka shiga.

Mataki na 10: Bayan hukunci, tsugune ba ta ƙare ba

Hukunci takarda ce har sai an zartar da shi, kuma nan ne binciken da aka yi tun farko yake biya. Hanya mafi sauri ita ce kama kuɗin da ke banki, abin da lauyoyi ke kira ganishi. Kotu tana fara ba da umarnin wucin gadi, a kai wa banki da wanda ake bi aƙalla kwana 14 kafin zama, banki ya bayyana abin da ke asusun, sannan a ba da umarnin ƙarshe a biya ka. Shi ya sa sunan banki da daidai sunan asusu suka fi komai muhimmanci.

Hanya ta biyu, ma'aikatan kotu su kama kaya a yi gwanjo: motoci, janareto, kayan sito. Sai in waɗannan ba su isa ba ake neman izinin Babbar Kotu a sayar da gida ko fili. Ka tabbatar kayan nasa ne, domin in na wani ne ko jinginar banki ne, sabuwar shari'a za ta tashi. Kada ka je kamun kaya da mutanenka.

Wanda aka kayar a Babbar Kotu yana da wata 3 ya ɗaukaka ƙara, amma ɗaukakawar kaɗai ba ta dakatar da zartarwa sai kotu ta ba da umarni. Lauyanka yana iya roƙon a sa masa sharaɗin ajiye kuɗin a hannun kotu kafin a dakatar.

Kafin ka rufe fayil

Masu cin bashi iri biyu ne. Akwai wanda gobara ko rufe iyaka ko tsadar dala ta karya, kuma aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni a saurara wa irinsa har ya samu sauƙi. Akwai kuma mai taurin bashi, wanda ke juya kuɗinka yana ƙara sito alhali 'ya'yanka suna jiran kuɗin makaranta. Binciken lauyan kirki shi zai nuna maka wanne ne a gabanka, don kada ka matsa wa wanda ya cancanci rangwame, kada kuma ka yi wa azzalumi kara.

Dattijon nan mai fata ya sami wani lauya. Kafin komai sai da lauyan ya binciko sunan rajista da bankin kamfanin, ya rubuta wasiƙa da sunan da ya dace, aka zauna sulhu, kotu ta amince da shi, aka biya kashi-kashi. Kuɗin sun zo bayan sun rage daraja, shekarun da suka tafi kuma ba su dawo ba. Na sake ganinsa wata safiya a bakin wani get a Challawa, motarsa cike da fata, ƙudaje na bin ta, direba yana ta danna oda. Ya tsaya da webil a hannu yana cewa ɗan sito, "Yaro, rubuta mini cikakken sunan kamfanin, ka buga hatimi, sannan a sauke."